Akwatin Baffa Maccido

Kaura Namoda,
5 ga Satumba, 2021

Zuwa ga baiwata Kulsumu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidanki Malam Armiya'u da yara, da majinyatan Shinkafi da Allah Ya jarraba da allurarki. Mu nan lafiya lau, sai uwargida Mardiyya da ke fama da haƙori, abin da ya rage mata magana ya ƙara mini hutu.

Kin ga ranar da na koma ga biro da takarda. Tun shekaranjiya aka yanke layukan waya a jihar nan, wai don a toshe wa mutanen daji kunne. Ko an toshe nasu ban sani ba, nawa dai ya toshe. Kullum sai na ɗauki wayar na shafa ta kamar mai duba gawa ko da sauran numfashi.

Abin ya fi yi mini ciwo ne saboda ni na kawo wa dangi taron waya. Kin tuna da muka shekara biyu ba mu taru a zauren Baffa Maccido a Birnin Tsaba ba, na ce a bar hanya ga masu ita, mu riƙa haɗuwa a waya Asabar ɗin ƙarshen kowane wata. Har da lacca na yi muku, na ce na karanta cewa nan da shekara goma ba wanda zai sake shiga mota don ya ga fuskar wani. Kuma abin ya yi. Shamsu daga Legas, Firdausi daga Zariya, ke daga Shinkafi, kowa cikin ɗan akwatinsa kamar tantabaru. Baffa ma da hannuna na saka masa manhajar a wayarsa da ƙaramar salla, na nuna masa inda zai taɓa sau ɗaya ya shigo. Bai iya kunna hoto ba, bai iya buɗe murya ba, akwatinsa baƙi ƙirin da sunansa a ƙasa. Amma ai ko a zaure haka yake, sai a yi taro a tashi bai ce uffan ba. Ni ban ga abin da muka rasa ba.

Sai ke kika tashi a taron da ya wuce kika ce kin gaji da ganin dangi kamar hoton katin zaɓe, ranar Asabar sha takwas ga wata za ki shiga motar Lado ta Moriki ki je Birnin Tsaba ki duba ƙafar Inna Iyatu. To, yanzu da ba waya, kina nan a kan bakanki? Ni kam ba inda za ni. Tsoro gadona ne, kuma ina kula da shi.

Lado zai kawo miki wannan. Ki ba shi amsa, in kin tuna yadda ake rubutu.

Ubangidanki,
Hamisu

Shinkafi,
8 ga Satumba

Zuwa ga Malam Matsoraci,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Malam yana gaishe ka. Ka ce wa Mardiyya ta kuskure da ruwan ɗumi da gishiri, kuma ta yi haƙuri da kai, don kai ne babban ciwon.

Baiwar wa? Uwata ce ta goya ubanka a bayanta, kowa ya sani. Don kai ɗan namiji ne ni 'yar mace ba zai sa na ɗaukar maka buta ba.

Ina nan a kan bakana. Lado ne ya kawo labari cewa ƙafar Inna Iyatu ta kumbura tana ruwa, kuma ta tsufa. Miki irin wannan ba a ganin sa a waya, Hamisu. Wari ke gaya maka inda ya kai. Taronka ba ya kawo wari, ba ya kawo zafin jiki. Ga Kawu Maccido kuma. Ka ce akwatinsa ba ya magana, amma ranar nan ai muryarsa ta buɗe na ɗan lokaci, muka ji tari, duka muka ce sannu. Tarin nan bai yi mini daɗi ba, daga ƙirji yake fitowa. Shi ya sa na ce masa ya sha zuma kafin na zo masa da magani. Na riga na haɗa, yana cikin jakata.

Ka ce ba ka ga abin da muka rasa ba. Ni na gani. A da in na iso Birnin Tsaba ba na tambayar wa ya zo. Ƙofar zaure nake dubawa. Ga takalmin Kawu da aka yi wa faci sau uku, ga na Shamsu mai ƙyalli, ga naka da ka take wa dunduniya don ƙiwar sunkuyawa. Kafin na yi sallama na san wanda ke ciki da wanda bai zo ba, wanda bai zo ba kuma a aika a ji lafiya. A taronka ina ake cire takalmi?

Kuma kar ka fara yi mini dabara. Ban manta shekarar da ka aiko cewa ruwa ya cinye gada ba, na zauna a gida, kai ka riga ni isa ka shanye furar da Inna ta dama mini. Bana ni zan sha tawa na sha taka.

Uwar ɗakinka,
Kulsumu

Kaura Namoda,
11 ga Satumba

Kulsumu,

Ina fatan kuna lafiya. Mu ma da sauƙi. Ki zauna kafin ki karanta wannan, ko da yake na san umarnina ba ya aiki a kanki.

Jiya Juma'a Baffa ya zo Kaura ganin likitan ido, ya sauka a gidana. Bayan mun ci abinci na ga ya kamata na yaba masa, na ce, “Baffa, ka fi samari ƙoƙari, ba ka taɓa fashin taro ba.”

Ya ɗago ya dube ni. “Wane taro kake hwaɗi?”

Na ce taron waya. Na ce ko ranar nan mun ji tarinsa.

Ya ce, “Ni ban da tari. Kuma wagga waya da ka lalata min da taɓe-taɓe, ai tun kamin babbar salla aka amshe ta.”

Wai suna gona ana noman gero, mutane suka fito a kan babura, suka tattara wayoyin duk wanda ke wurin suka wuce. Ba su taɓa kowa ba. Na ce, “Baffa, me ya hana ka faɗa?” Ya ce, “Waya ce fa, ba ƙafa ba. In aika Legas a ce an amshe ma Maccido waya?” Ya ci gaba da cin goronsa. Ni kuwa na kira shi sau biyu a watan jiya ba a ɗaga ba, ban damu ba, don tun da aka ƙirƙiro waya Baffa bai taɓa ɗagawa ba.

Ki ƙirga da ni. Taron gaisuwar salla, taron ƙarshen Yuli, taron ƙarshen Agusta. Sau uku akwatin nan yana shigowa. Sau uku ina gyara hula, ni mai digiri biyu, ina rusunawa a gaban allon waya ina cewa, “Baffa, barka da yini.” In mun yanke shawara sai na ce, “Baffa, ka amince?” A yi shiru, na ce, “Shirun Baffa yarda ne,” ku yi dariya. Ashe baƙo muka sa a kan buzun babban gida, muna ta zuba masa labari.

Me bai ji ba? Ya ji ke ma'aikaciyar jinya ce, don a gabansa kika koya wa Firdausi yadda ake wanke rauni. Ya ji rana, ya ji mota, ya ji hanya. Kin san kuma abin da ake faɗa, cewa suna neman irinku ido rufe, don su ma suna jin ciwo kuma ba sa zuwa asibiti.

Kada ki shiga motar nan ranar Asabar. Baffa ya koma da safen nan, na haɗa shi da abin wanke miki don Inna. Furarki kuma na yafe miki ita har abada, kin ga girman lamarin.

Hamisu

Shinkafi,
14 ga Satumba

Malam Matsoraci,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, sai dai cikina da ya yi ciwo don dariya. Na karanta wa Malam wasiƙarka, ya ce da ka bar koyarwa ka koma ba da labari a rediyo da ka yi suna.

Wannan ta fi ta gada, na yarda. Har da yadda Kawu ke magana ka kwaikwayo, har da goro. Amma ka yi kuskure a wuri uku. Na ɗaya, Kawu ya zo Kaura ya koma, bai ce a gaishe ni ba? Na biyu, shekara ashirin da biyu ina sauraron tari, na san na tsoho in na ji. Na uku, na bi takardar daga sama har ƙasa, ban ga inda ka rantse ba. Ka yi digiri biyu, ka yi buzu, ka yi fura, amma ba ka ce wallahi ba ko sau ɗaya. Na san ka. In za ka shirga ƙarya, a nan rubutunka ya fi kyau.

Ba wai ba na tsoron hanya ba ne. Ina tsoro. Shekaranjiya an kawo mana mutum biyu daga wajen Jangeru, ɗaya bai kwana ba. Amma in na bi ta tsoro, wata rana za a aiko a ce an yanke wa Inna ƙafa, ko abin da ya fi haka, mu kuma mu taru cikin akwatunanka mu yi ta'aziyya kowa yana cewa “ana ji na?” Ni ba zan iya ba.

Lado yana tara mai don tafiyar Asabar, ba zai fito ba kafin nan, don haka wani direba zan ba wannan. In kana da saƙo ga Inna ka riƙe shi, ni zan gaya mata ka ce kana tsoro.

Kulsumu

Kaura Namoda,
Alhamis, 16 ga Satumba

Kulsumu,

Wasiƙarki ta iso yanzu bayan azahar. Kwana biyu ta yi a aljihun direba.

Wallahi, tallahi, abin da na rubuta miki gaskiya ne. Ga rantsuwar. Na zauna ina duban ta, sai na ga ko ita ba za ta ishe ki ba, za ki ce na ga kin kama ni ne na ƙara gishiri. Shekara arba'in ban gaya miki magana ɗaya a miƙe ba, kuma ke ma haka. Muna jin daɗin abin. Ban taɓa zaton akwai ranar da zan nemi ki yarda da ni na rasa da wace murya zan yi ba.

Na je tasha. Ba wanda zai yi alkawarin kai takarda kafin Asabar. Akwai mota ɗaya da za ta tashi gobe da safe in ta cika, ta bi bayan motocin jami'an tsaro in sun fito. Na kama wuri.

Kin san rabona da hanyar Shinkafi shekara uku. Na san sunan kowace kwana da aka tare mutane a cikinta, don ina karanta labarai fiye da yadda ya dace da lafiyata. Ki duba rubutun, yau ba kyau. Mardiyya ta daina yi mini magana, kuma ba haƙorin ba ne. Ta dai fito mini da tsohuwar riga ta ce kar na sa tabarau, kar na ɗauki katin aiki, in an tambaye ni na ce ni tela ne. Ni da ban iya zura zare a allura ba.

Zan sa wannan a aljihu. In na iso, zan miƙa miki da hannuna. In ban iso ba, wanda ya same ta, don Allah ya kai wa Kulsumu ma'aikaciyar jinya, matar Malam Armiya'u, a Shinkafi, kafin safiyar Asabar. Kada ta shiga mota.

Hamisu ɗan Kawunki

Shinkafi,
22 ga Satumba

Yaya Hamisu,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka isa gida lafiya ranar Lahadi, don har yau ban ji ba, kuma ba na iya cin abinci. Ka aiko ko da layi ɗaya ne.

Ban taɓa ce maka Yaya ba, kar ka saba.

Ranar Juma'ar nan da na dawo daga asibiti, kafin na shiga gida na ga takalmi a ƙofar zauren Malam, an take masa dunduniya. Nan take na gane naka ne. Ban buƙaci takardarka ba, ban buƙaci rantsuwa ba. Na ce in dai Hamisu ya biyo hanyar nan da ƙafarsa, to ba wasa. Abin da ban gaya maka ba ke nan, don da na shigo na ga ka cikin rigar nan kamar wanda aka kora daga gidan biki, sai dariya ta riga ni.

Ka tuna mun kira Lado mun gaya masa komai, ya ce shi kowane mako yana bin hanyar, in ma da gaske ne ba shi ake nema ba, ya karɓi jakar magani zai kai wa Inna. Ka tuna ranar Lahadi da za ka tafi ba mu ji komai ba, har na fara tsokanar ka cewa ka sha wahalar banza. Ka yafe mini.

Lado bai dawo ba sai jiya. An tare shi gaba da Moriki kaɗan. Ya ce motoci biyu sun wuce a gabansa ba a tsayar da su ba, tasa aka jira. Suka fito da fasinjoji, mata uku ne a ciki, suka ce kowace ta nuna hannunta, suna duba wa ke da hannun aikin asibiti. Sai babbansu ya zo, mutum mai furfura, ya ce wa Lado, “Ina mai allurar?” Lado ya ce bai san zancen ba. Suka mare shi har kunnensa na hagu ya daina ji. Mutumin ya tsaya ya yi tari mai tsawo, ya tofar, ya ce, “Ta ce za ta taho min da magani. Na sha zumar, ba ta yi ba.”

Suka buɗe but suka ga jakar. Ya zazzage ta, ya sa Lado ya karanta masa abin da na rubuta a jikin kwalba. Na rubuta “Kawu, cokali biyu safe da yamma.” Ya sa a aljihu. Suka ɗauki sauran, suka sallami kowa.

Ban yi kuskure ba, tarin tsoho ne. Ina ta jin sa a kunnena. Ni ce na ce masa sannu da babbar murya, har na ce Allah Ya ƙara sauƙi.

Lado ya ƙarasa Birnin Tsaba duk da haka. Ya ce abin wankin da ka ba Kawu ya taimaka, amma ƙafar na nan da ruwa. Malam ya ce za a nemi yadda za a kawo Inna Kaura. Ya kuma hana ni sa fararen kaya a hanya, sai na isa asibiti nake sauyawa. Duk wanda ya shigo da tari sai na dubi fuskarsa, alhali ban san fuskar da nake nema ba. Shi ya san tawa. Taro uku yana kallon ta.

Ka gaida Mardiyya, ka ce na gode da aron mijinta.

Ƙanwarka,
Kulsumu

Kaura Namoda,
4 ga Disamba

Kulsumu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya da Malam da yara. Inna Iyatu tana gaishe ki, sati shida ke nan tana gidana. An cire yatsa ɗaya, ƙafar ta tsira. Tana zaune a tsakar gida tana koya wa Mardiyya girkin da Mardiyya ta shekara ashirin tana yi. Na ji daɗin labarin da Lado ya kawo cewa an amince da sauya miki wurin aiki zuwa nan.

Kin ga an maido da layuka. Ban kira ki ba, kuma ki bar mamakin ganin takarda.

Ranar da sabis ya dawo wayar ta yi ta kuka kamar akuyar da aka raba da ɗanta, saƙonnin wata uku suna shigowa. Shamsu da Firdausi duk tambaya ɗaya: yaushe za a koma taro? Shamsu har ya turo mini wani rubutu da ke cewa zamanin taruwa a ɗaki ɗaya ya wuce. Na gane shi, ni na tura masa bara.

Abin da na fara yi shi ne cire lambar Baffa daga cikinmu da rushe tsohon wurin shiga. Na yi wa kowa bayani, aka yi ta salati. Na ce daga yau in za a yi taro, kowa sai ya nuna fuska ya yi sallama da bakinsa, daga babba zuwa ƙarami, wanda ya ƙi a fitar da shi ko da shi ya haife ni. Ba kuma a faɗin rana, ba a faɗin hanya. Za a iya gaisawa, a nuna jarirai, a yi gardamar ƙwallo. Na ji kamar na yi abin kirki.

Shekaranjiya da hantsi ina ofis saƙon murya ya shigo. Sunan da ya fito shi ne wanda na rubuta da hannuna, Baffa Maccido. Na rufe ƙofa na kunna. Daƙiƙa tara ne. Ana jin shanu daga nesa. Muryar a natse take, irin ta mai ladabi. Ya ce, “Malam Hamisu, an kwana biyu ba a yi taro ba. Tari ya yi sauƙi. A gaida mai allura.”

Ban goge ba, ban amsa ba. Na kai wa waɗanda ya kamata su ji, suka rubuta, suka ce za su duba. Na dawo na zauna har aka kira la'asar ban buɗe littafi ba.

Baffa ya ce bana a taru a gidana, tunda Inna na nan. Na aika wa kowa da baki, ta hannun mutanen da na san iyayensu. Ban sa rana ba. Wanda ya samu hanya ya taho, a yi sati ana isowa, in mutum biyar ne a yi da biyar. Na san a lacca ba haka na ce makomar za ta kasance ba.

Ke kuma ga abin da nake roƙo, kuma wallahi a miƙe nake magana. Kada ki gaya mini ranar da za ki taso. Kada ki faɗa a waya, kada ki rubuta, kada ki gaya wa Lado sai kin zauna a motar. Ko na tambaya, ki yi mini ƙarya, kin iya. Inna tana dama fura kullum tana ajiyewa, ni kuma ba na taɓawa. An share ƙofar zaure. Duk ranar da na dawo daga aiki zan duba ƙasa.

Yayanki,
Hamisu